Mai Hular Haƙori da Wayar Jera Haƙora

 

Tambayar da ta tara mu yau gajeriya ce. Mutumin da aka riga aka sa wa hula a haƙori, ta tangaran ce, ta ƙarfe ce ko ta zinariya, zai iya sa wayar jera haƙora? Amsar da ta fi yawo a bakin jama'a ita ce a'a, wai haƙorin da aka yi wa hula ya gama motsi ke nan, ko kuma waya za ta farfasa hular. Wannan amsa ta hana manya da dama gyaran da suke bukata, ta kuma kora wasu zuwa hanyar da ta fi ɓarna, wato a fere lafiyayyun haƙora a ɓoye karkatarsu da ƙarin huluna. Abin da zan kafa hujja a kansa shi ne, hula ba ta hana haƙori tafiya. Masu yanke hukunci suna ƙarƙashinta: saiwa, ƙashin muƙamuƙi da dasashi. Inda aka fi yin tuntuɓe kuma shi ne wajen jeranta aikin, wanne zai riga wanne.

Mu fara da yadda haƙori yake motsawa, domin wanda ya gane wannan ya gane rabin zancen. Saiwar haƙori ba a manne take da ƙashi ba. Tsakaninsu akwai wani siririn tantani mai cike da zaruruwa da jijiyoyin jini, kaurinsa wajen kashi ɗaya cikin biyar na milimita, shi ne ke rataye da haƙori a cikin raminsa. Idan waya ta tura haƙori a hankali, ba tare da sassautawa ba, tantanin nan yakan matsu a gefe ɗaya, ya miƙe a ɗaya gefen. A gefen da ya matsu, jiki yana aiko da ƙwayoyin da ke cinye ƙashi su buɗe hanya. A gefen da ya miƙe, wasu ƙwayoyin suna gina sabon ƙashi su cike gurbin da aka bari. Haka haƙori yake tafiya tare da raminsa, kimanin milimita ɗaya a wata idan komai ya tafi daidai. To, a duk wannan bayani ina aka ambaci saman haƙori? Ba a ambace shi ba. Aikinsa kawai shi ne ya zama wurin kamawa. Tantanin da ke cikin ƙashi bai san ko abin da waya ta kama farin ɓawon da Allah ya halitta ba ne ko tangaran ɗin da aka gasa a ɗakin haɗa haƙora. Ƙarfi kawai yake ji, shi kuma yake amsawa.

Wannan bayani shi ne kuma ya nuna mana inda iyaka take. Haƙorin da aka dasa, wato wanda aka kafa masa ƙusar titaniyam a cikin ƙashi, a ido kamar mai hula yake, amma ba shi da wannan tantani. Tun da Per-Ingvar Brånemark na ƙasar Suwidin ya dasa wa majinyacinsa na farko a 1965, abin da ya sa dashe yake aiki shi ne ƙashi yana kama ƙarfen kai tsaye, babu komai a tsakani. Saboda haka dasasshen haƙori ba ya gusawa ko an shekara ana jan sa. Wannan ba lallai ya zama cikas ba, domin gwanin likita yakan mai da shi turken da zai jawo sauran haƙora da shi. Amma idan an dasa shi a inda bai dace da sabon jerin ba, a nan zai zauna, sauran su bi shi ko su bar shi. Haka ma gada, wato huluna biyu ko fiye da aka haɗa wuri ɗaya don cike giɓi. Haƙoran da ke ɗauke da ita sun zama abu guda, ba za a iya juya ɗaya a bar ɗaya ba sai an yanka gadar. Don haka tambayar farko da ya kamata a yi ita ce: wannan farin abin da muke gani, a kan me yake zaune?

Yanzu sai mu zo ga wahalar gaskiya, wadda ba zan raina ta ba, wato yadda za a liƙa maɓallin da ke riƙe waya a jikin hula. A farkon ƙarni na 20, zamanin Edward Angle na Amurka, wanda ake kira uban wannan fanni, zoben ƙarfe ake zura wa haƙori a ɗaura waya a kai. A 1955 Michael Buonocore ya nuna cewa idan aka shafa wa ɓawon haƙori ruwan asid na fosforik, fuskarsa takan yi ƙananan ramuka da ido ba ya gani, gam ya shiga ya kama. Bayan shekara 10, a 1965, George Newman ya ba da rahoton liƙa maɓallan waya kai tsaye a jikin haƙori. Har yau a kan wannan ake: asid mai ƙarfin kashi 37 cikin 100, daƙiƙa 15 zuwa 30, a wanke, a busar, a liƙa. Sai dai wannan asid ɗin ba ya cin tangaran, wanke shi kawai yake yi. Wanda ya liƙa maɓalli a kan hular tangaran kamar yadda yake liƙawa a kan haƙori, zai ga majinyaci ya dawo da maɓallin a hannu tun kafin mako ya zagayo. Daga irin wannan ne maganar "ai mai hula ba ya sa waya" ta samo asali. Laifin na hanyar liƙin ne.

Kowace irin hula da yadda ake bi da ita. Tangaran mai sinadarin gilashi, irin wanda ake gasawa a kan ƙarfe, wanda ya yaɗu tun shekarun 1960, ana ɗan kankare sheƙinsa a daidai inda maɓalli zai zauna, a shafa asid na haidirofulorik, galibi mai ƙarfin kashi 5 zuwa 10 cikin 100, sannan a bi da wani ruwa da ake kira sailen, wanda hannunsa ɗaya ke kama gilashi, ɗayan ke kama gam. Asid ɗin nan mugu ne, yana ƙona nama ya ratsa ciki, dole a killace dasashi da leɓe kafin a buɗe kwalbarsa. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai hana mutum kai bakinsa shagon kwalliya a sa masa waya. Zirkoniya kuwa, wadda ta yi kasuwa a 'yan shekarun nan saboda ƙarfinta da farinta, babu gilashi a cikinta, don haka asid ɗin ba ya taɓa ta. Ita sai a fesa mata garin alumina mai laushi da iska mai ƙarfi, a shafa mata wani sinadari mai suna MDP, wanda kamfanin Kuraray na Japan ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1980. Hular ƙarfe ko ta zinariya ma feshin ake yi mata, a sa sinadarin da ke kama ƙarfe. Idan kuma turmi ne na can ciki, sau da yawa tsohuwar dabarar Angle ta fi sauƙi: a zura zobe a kan hular, a cire shi ranar da aka gama, ba a karce komai ba. Abin lura a nan shi ne tangaran da zirkoniya suna iya yin kama a ido, alhali maganinsu ya bambanta. Shi ya sa yake da kyau duk wanda aka sa wa hula ya nemi a rubuta masa irin kayan da aka yi ta da shi, ya adana takardar.

Wani zai ce, to, ko da ya liƙu, ranar cirewa fa? Ba za a ɓata hular da aka kashe wa kuɗi ba? Wannan ƙorafi yana da tushe, kuma ba daidai ba ne likita ya yi alkawarin cewa babu abin da zai faru. Tangaran yana iya ɓantarewa, sheƙin da aka kankare ba ya dawowa daidai da yadda ya fito daga wuta, kuma hular da simintinta ya tsufa tana iya fita gaba ɗaya a bakin filaya. Amma a duba girman abin. Tun 1975 wani mai bincike, Reynolds, ya ƙiyasta cewa liƙin da ya kai ƙarfin megafaskal 6 zuwa 8 ya ishi aikin waya. Ma'ana, ba a neman liƙi mafi ƙarfi, ana neman wanda zai riƙe na shekara biyu sannan ya saki ba tare da ya tafi da fuskar hula ba. Likitan da ya san haka yakan matse fukafukan maɓallin ya lanƙwasa shi har ya saki, maimakon ya fizge, ya bar ragowar gam a kan hula, ya goge shi a hankali, ya bi da man gogewa mai garin daimon. Abin da yakan rage shi ne ɗan dishi-dishin da sai an busar da haƙorin an haska fitila ake ganinsa. Hular da ta fita kuma ana mayar da ita. Haƙƙin majinyaci shi ne a gaya masa wannan tun kafin a fara, a kuma sa yiwuwar sake hula a cikin lissafin kuɗi.

Abin da ya fi damuna ba fuskar hula ba ne, abin da ta rufe ne. Ba a sa wa haƙori hula haka kawai, sai ya yi kogo mai girma, ko ya karye, ko an kashe masa jijiya. Kowanne daga cikin waɗannan tarihi ne da dole a bincika. Game da haƙorin da aka kashe wa jijiya, mutane suna kiransa matacce, sai su ɗauka ba zai motsa ba. Abin da aka cire shi ne ɓargon da ke cikin haƙorin, tantanin da ke wajen saiwa yana nan da ransa, kuma shi ne mai tafiyar. Binciken da aka yi ta maimaitawa ya nuna irin wannan haƙori yana tafiya kamar sauran, kuma saiwarsa ba ta fi ta mai jijiya saurin zaizayewa ba, muddin cikon ya yi kyau kuma babu ƙurji a ƙarshen saiwar. Idan akwai ƙurji, sai an sake aikin an ga alamar warkewa a hoto. Wanda ya fi bukatar taka-tsantsan shi ne haƙorin da ya taɓa buguwa, kamar na wanda ya faɗi a babur. Irin wannan saiwarsa ta fi saurin zaizayewa, wani lokacin ma ta riga ta manne da ƙashi, ba za ta gusa ba. Haka kuma wanda aka kafa wa doguwar ƙusa a cikin saiwa don riƙe hula, da sassauƙan ƙarfi ake bi da shi.

A nan ya kamata mu tsaya kan wani abu namu, wato haƙorin Makka. Alhazai da hajiyoyi da yawa suna ɗauke da shi shekara da shekaru, abin tunawa ne mai daraja a wurinsu, kuma ba abin da za a yi wa ɗaga hanci ba ne. Amma a idon likita hula ce, kuma da yawa daga ciki kwasfa ce da aka riga aka ƙera, aka zura a kan haƙori cikin ɗan lokaci, ba a auna bakinta daidai da wuyan haƙorin ba. Inda baki bai zauna daram ba, abinci yana maƙalewa, dasashi ya kumbura, ruɓa ta fara daga ƙasa. Ga shi kuma ƙarfe yana tare hasken hoton eksire, abin da ke ƙarƙashinsa ba ya fitowa. Likitan da zai sa waya a irin wannan baki sai ya bi gefen kwasfar da tsinken bincike, ya ga ko yana shiga, ko dasashi yana zubar da jini. Idan akwai shakka, a cire a duba. Sau da yawa haƙorin da ke ciki ba a fere shi sosai ba, ana iya liƙa maɓalli a jikinsa kai tsaye, bayan an gama kuma mai shi ya zaɓa ko a ƙera masa wata zinariyar da ta dace da ma'auninsa.

Dasashi da ƙashi su ne sharaɗin da ba a sassautawa. Shekaru ba sa hana waya, ɗan shekara 50 haƙorinsa yana tafiya, sai dai ya fi na yaro jinkirin farawa. Abin da ke hanawa shi ne ciwon dasashi mai ci, domin tura haƙori a cikin kumburi yana ƙara saurin lalacewar ƙashi. Gefen hula kuwa wuri ne da datti ke son taruwa, ga maɓalli da waya sun zo sun ƙara masa maɓoya. Mai ciwon suga da bai daidaita ba, da mai shan taba, su ne suka fi shiga wannan haɗari. Sai an kwantar da kumburin, an ga mutum ya iya tsabtace bakinsa da buroshi da ɗan ƙaramin buroshin tsakanin haƙora, sannan a fara.

Na dawo kan batun jeranta aiki, wanda shi ne zuciyar wannan lacca. Idan aka yi wa karkataccen haƙori hula, mai haɗa ta yakan gina ta yadda za ta yi daidai da maƙwabtanta a ido. Saiwa tana kallon gabas, hula tana kallon kudu, amma a murmushi komai ya jeru. Ranar da aka zo sa waya, likitan da ya bi fuskar hula wajen ɗora maɓalli zai bar saiwar a karkace, wanda kuma ya bi saiwa kamar yadda hoto ya nuna masa zai miƙar da ita, sai hular ta fito a karkace. Haka ma saman hular turmi, an sassaƙa shi ne don ya dace da cizon da mutum yake da shi a lokacin. Da cizo ya sauya, sai a ga tudun ya daina faɗawa cikin kwarinsa. Wani lokacin ma, idan aka ɗan jawo haƙori waje, bakin hular da yake ɓoye a cikin dasashi yakan bayyana kamar baƙin zare. Duk waɗannan suna nuna abu ɗaya: magini ba ya ɗora rufi sai ya gama daidaita ginshiƙai. Wanda yake bukatar hula yau, kuma yana da niyyar jera haƙoransa, a sa masa ta wucin gadi ta roba mai ƙarfi, wadda gam ke kamawa cikin sauƙi, ake kuma iya ragewa ko ƙarawa yayin da haƙori ke tafiya. Ta dindindin ta jira. Wannan yana bukatar mai sa hula da mai sa waya su zauna su yi magana kafin kowannensu ya taɓa bakin, su amince a kan inda kowane haƙori zai tsaya da faɗin gurbin da za a bar masa. Ko wushirya ma a nan ake yanke shawararta: mai ita yana son a bar masa abarsa ko a rufe, domin faɗin hulunan gaba ya dogara da amsar.

Ƙorafi mafi ƙarfi shi ne na lokaci da kuɗi. Mutum zai ce, waya shekara ɗaya da rabi ce ko biyu, ga zuwa asibiti kusan kowane wata, ga ƙwararrun wannan fanni ba su da yawa, akasarinsu suna manyan birane da asibitocin koyarwa. Tunda dai akwai hula ɗaya a gaba, me zai hana a ƙara uku ko biyar a gama cikin mako biyu? Na fahimci mai wannan magana, kuma akwai inda yake da gaskiya. Idan haƙoran gaba duk sun riga sun lalace, sun sha ciko, ko kuma karkatar kaɗan ce, sabbin huluna na iya wadatarwa. Amma idan lafiyayyu ne, a san abin da ake sayarwa. Masu bincike Edelhoff da Sorensen sun auna a 2002, suka samu cewa feren haƙorin gaba don cikakkiyar hula yana tafiya da kashi 63 zuwa 72 cikin 100 na nauyin samansa. Karkatacce kuwa sai an fi haka ci a gefen da ya turo, wato a ƙara kusantar jijiya. Wani bincike da Cheung da abokan aikinsa suka buga daga Hong Kong a 2005 ya nuna cewa bayan shekara 10, kimanin kashi 84 cikin 100 na haƙoran da aka sa wa hular ƙarfe da tangaran ne jijiyarsu ke raye. Sauran sun mutu. Hula kuma ba ta dawwama, wanda aka sa wa yana ɗan shekara 25 zai sake ta, wataƙila fiye da sau ɗaya. Ɓawon da aka fere ba ya tsirowa. Waya ma tana da nata haɗarin, takan ɗan rage tsawon saiwa ga yawancin mutane, ga 'yan kaɗan kuma ragin yakan yi yawa, shi ya sa ake bin ta da hoto. Amma idan aka ɗora biyun a sikeli, fere lafiyayyun haƙora biyar don gudun wata 18 gyaran gangar Auzinawa ne.

Har ma akwai inda waya ce ke ceton hula. Haƙorin da ya karye daidai da dasashi, a da cirewa kawai ake yi. Tun shekarun 1970, bayan rubuce-rubucen Heithersay da Ingber, ana iya jawo saiwar waje a hankali cikin 'yan makonni, har a samu milimita 1.5 zuwa 2 na lafiyayyen haƙori da hula za ta rungume. Turmin da ya kwanta cikin giɓin maƙwabcinsa da aka cire tun da daɗewa, ana tayar da shi tsaye kafin a yi gada ko dashe, sai ferewar ta ragu, nauyin tauna kuma ya sauka a kan tsawon saiwa.

Masu tambaya game da kwasfar roba mai garai-garai ta jera haƙora, irin ta Invisalign da ta shigo kasuwa a 1999, suna da hujja: tana rufe haƙori ne gaba ɗaya, don haka bukatar liƙi ta ragu. Ta ragu, amma ba ta ƙare ba. Juya haƙori mai siffar kewaye ko jawo shi waje yana bukatar ɗan tudun gam a jikinsa don roba ta samu abin kamawa, kuma wannan tudu a kan tangaran matsalarsa ɗaya da ta maɓalli. Sannan sai an sa ta awa 20 zuwa 22 a kullum.

Ranar cire waya ba ita ce ranar sa sabuwar hula ba. Kaare Reitan na Norway ya nuna tun 1959 cewa zaruruwan dasashin haƙorin da aka juya suna nan a miƙe watanni bayan an gama, suna neman mayar da shi inda ya fito. Tantanin saiwa yana ɗaukar wata 3 zuwa 4 kafin ya sake tsari, na dasashi kuma har ya kusa shekara. Saboda haka ana barin hular wucin gadi na wasu watanni, musamman a gaba, har bakin dasashi ya tsaya wuri ɗaya, sannan a ɗauki ma'auni. A tsawon wannan lokaci matsarin da ke riƙe haƙora yana baki. Da zarar an sa sabuwar hula kuma, tsohon matsari ya daina shiga daidai, domin siffar haƙorin ta sauya. Dole a sake ɗaukar ma'auni a yi sabo a wannan makon, kuma kuɗinsa ya kasance cikin lissafin da aka yi wa majinyaci tun ranar farko.